Allurar da Ta Ƙi Sauka a Motar Baba

Laraba, 6:40 na safe

Na ware wannan littafi ne don motar Baba kawai. Duk abin da na gwada zan rubuta, da abin da na gani, da lokacin, domin in ban rubuta ba Yaya za ta ce son zuciya ne.

Abin da ya faru jiya, sau ɗaya zan faɗe shi. Baba ya dawo da la'asar, Inna ta fito ta buɗe masa ƙofar gida kamar kullum. Motar ba ta tsaya inda ta saba ba, ta zarce ta daki ginshiƙin dama. Fitila ɗaya ta fashe. Inna a jikin ginshiƙin take tsaye. Ɗazu na auna da tef ɗina, daga inda bamba ta daka zuwa inda takalminta ya faɗi: inci tara.

Yaya ta iso kafin magariba, ko jakarta ba ta ajiye ba ta yanke hukunci. "Shekara saba'in da huɗu. Ƙafa ce. A karɓi makullin tun kafin a yi abin da ba shi da gyara." A gaban Baba ta faɗa, mutumin da ya yi shekara arba'in da shida yana tuƙi, daga babbar mota har zuwa motar ofis, ko ɗan akuya bai taɓa bugewa ba. Shi dai magana ɗaya ya yi: "Na ɗaga ƙafa, injin bai sauka ba."

Na ce ashe ba ƙafa ba ce, mota ce. Ta dube ni sama da ƙasa. "To, Injiniyan keken ɗinki, Asabar ta uku zan dawo. Ka nuna mini ciwon motar in gani da idona, in ba haka ba makulli ya bi ni gida."

Na amince. Keken ɗinki da mota a wurina duk tafiyarsu ɗaya: ka taka ya gudu, ka ɗaga ya tsaya. In ka ɗaga bai tsaya ba, akwai abin da ya riƙe shi, kuma abin da ya riƙe ana iya ganinsa. Shekara ashirin ke nan ina gyaran kekuna.

Laraba, 5:30 na yamma

Gwaji na farko. Baba a kujerarsa, mota a tsaye, giya a firi, ni a tsaye ta taga ina kallon agogon da ke nuna juyin inji, wayata a hannu ina ƙirga daƙiƙa.

Injin da sanyi: ya taka totur zuwa dubu uku, ya ɗaga, allura ta sauko cikin daƙiƙa uku. Ba laifi.

Bayan minti goma sha biyar, injin ya yi zafi: ya taka, ya ɗaga, allura ta sauko dubu biyu ta maƙale. Daƙiƙa bakwai tana nan, injin yana ta kuka, sannan ta zame a hankali zuwa dubu ɗaya da ɗari uku. Silonta, wato inda take zama in ba a taka komai ba, ɗari takwas ne tun ina yaro.

Na sunkuya na duba da idona. Ƙafar Baba tana gefe, ba ta kan totur. Sau huɗu muka maimaita, sau huɗu ta maƙale.

Mota ce. Na ji daɗi har na ji kunyar jin daɗin.

Baba ya ce, "Ka gama leƙa mini ƙafa, ko in cire ɗayar ma ka gani?"

Alhamis, 7:10 na safe

Abubuwan da zan bi, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake:

Tabarmar ƙafa, ko tana danne fedar. Fedar kanta. Wayar totur, wadda ta taso daga feda ta shiga inji. Sifirin da ke mayar da totur. Bakin da iska ke bi ta shiga inji. Tiyo-tiyon iska, ko wani ya tsage.

Tabarma na fara cirewa gaba ɗaya. A ƙarƙashinta na tsinci murfin biro da wani tsohon katin asibiti na Inna. Na gwada ba tabarma: daƙiƙa bakwai. Ba ita ba ce.

Alhamis, 1:00 na rana

Kekuna uku na jiran gyara a shago, ni hankalina yana cikin bonet.

Juma'a, 4:45 na yamma

Feda lafiya lau. Na danna ta da hannu, ta dawo da kanta ba gardama. Na ɗiga mata man keke a gaɓa duk da haka. Baba ya ga ɗan gwangwanin ya ce, "Yanzu motar tawa za ta fara ɗinka riga."

Na bi wayar totur daga farko har ƙarshe da yatsa. Ba tsagewa, ba lanƙwasa, ba tsatsa. A miƙe take tsaf, ta ɗaure tamau, kamar sabuwa. Na yi mata alamar lafiya. Sifirin ma da ƙarfinsa, har ya matse mini yatsa.

Inna ta kawo mana shayi. Na lura ta daina tsayawa a jikin ginshiƙi. Yanzu in za ta buɗe ƙofa sai ta ture ta da sauri, ta koma cikin soro ta tsaya. Ta ce rana ce ke damunta a can.

Asabar, 8:00 na safe

Ba Asabar ɗin Yaya ba ce, amma ta bugo waya. "Injiniya, an gano?" Na ce ana kai. Ta ce, "Ka duba injin da ke cikin takalmi." Na kashe wayar, daga baya na tura mata saƙo na ce caji ne ya ƙare.

Ita tun muna yara haka take. In ta ce ruwa zai sauka, sai ya sauka don kada ta ji kunya. Wannan karon dai ina da lambobi.

Lahadi, 11:20 na safe

Tiyo-tiyon iska. Na bi su duka da ruwan sabulu da kunne. Ɗaya ya ɗan bushe a baki, na yanke wurin na mayar. Na gwada: daƙiƙa shida. Na yi murna na minti biyu. Na sake gwadawa: bakwai. Wataƙila yatsana ne ya yi saurin danna wayar.

Dole in yarda iyakata ta zo. Gobe sai garejin Gemu. Gemu shi ne yaron motar Baba shekaru talatin da suka wuce, yanzu ya zama bakanike mai gareji nasa, gemunsa ya yi fari, amma har yau in ya ga Baba sai ya cire hula.

Wani abu da ba na mota ba, amma tunda a nan na gani bari in rubuta. Baba ya shigo daga waje da takalmi ɗaya. Ɗayan yana can bakin ƙofa. Inna ta ɗauko ta ajiye masa a gaba. Silifas ɗin sun tsufa, sun buɗe. Zan kawo masa wasu.

Litinin, 12:30 na rana

Baba ne ya tuƙa zuwa gareji, ni a gefensa. Yaya ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Tafiyar minti goma ce.

Tuƙinsa yana nan yadda na san shi. Ya cire takalmin dama ya ajiye a ƙarƙashin kujera, domin shi bai taɓa taka totur da takalmi ba, wai takalmi yana hana mutum jin maganar mota. Hannu biyu a sitiyari. Canjin giya kamar ana zuba mai. Na kai hannu zan kunna rediyo, ya buge mini hannu.

"Bar shi."

"Baba, kai da ba ka iya fita ƙofa sai da labarai?"

"Duk ƙarya suke yi yanzu. Kuma ka yi shiru, ina aiki."

Shiru muka yi har gareji, gilashinsa a sauke, kansa a ɗan karkace wajen bonet.

Gemu ya taso da gudu. "Oga! Oga da kansa! Wa ya taɓa mana amarya a ido?" Yana nufin fitilar. Baba ya ce ginshiƙi ne ya matso. Aka yi dariya.

Na karanta wa Gemu lambobina. Ya saurara har ƙarshe, abin da Yaya ba ta taɓa yi ba. Ya kwance bakin iskar, wanda shi yake kira maƙoshi, ya nuna mini ɗan faifan ƙarfe da ke ciki: in ka taka totur ya buɗe, in ka ɗaga ya rufe. Ya yi baƙi ƙirin da datti. Ya wanke shi fes. Yana mayarwa sai ya taɓa wayar totur da yatsa, ya tsaya.

"Kai, wa ya ɗaure wannan kamar igiyar shanya?"

Na ce ai lafiyarta ke nan, na duba ta ranar Juma'a.

"Lafiya? Malam tela, wannan waya sai da ɗan sassauci. Kamar kaurin farce biyu. In babu, da injin ya yi zafi ya ɗan motsa, sai ta riƙe faifan ya ƙi rufuwa duka. Ga ciwonku nan."

Ya ɗauko sifana lamba goma ya sassauta notin da ke riƙe wayar. Aka tayar, aka bari ta yi zafi. Ya taka, ya ɗaga. Allura ta faɗo ɗari takwas kafin in danna wayata.

Na juya in ga fuskar Baba. Yana can yana duba tayar baya.

Ni kuma na ji kunya. Na taɓa wayar nan da hannuna na ce lafiya. Ko bel ɗin keke in ya ɗaure da yawa keken ba ya tafiya daidai, na san wannan tun ina koyo. Amma dai an gano. Mota ce.

Litinin, 3:00 na rana

Na tura wa Yaya saƙo: "An gano. Wayar totur. Gemu shaida ne." Ta amsa da kalma ɗaya: "To."

A dawowa motar ta ɗan fizga sau biyu wajen tashi. Baba ya ce Gemu ya lalata masa saiti. Sabon saiti ne, zai saba.

Laraba, 5:20 na yamma

Matsalar ta dawo. Daƙiƙa bakwai.

Laraba, 6:05 na yamma

Na buɗe bonet. Wayar ta sake ɗaurewa tamau. Girgizar inji ce ta juya notin, ba shakka. A keke ma yana faruwa. Na sassauta shi da kaina, kaurin farce biyu, na ƙulle da kyau. Da sifanata na yi, domin ta Baba lamba goma ba ta cikin akwatin kayan aikinsa. Gwaji: daƙiƙa ɗaya.

Ban gaya wa Yaya matsalar ta dawo ba. Ba ƙarya na yi ba, ba a tambaye ni ba ne.

Juma'a, 9:00 na safe

Baba yana fita da ita kullum da sassafe, ya zagaya layinmu sau ɗaya, wai don kada batir ya kwanta. Yau bayan ya dawo na gwada. Bakwai.

Na wuce gareji a kan babur ɗina kafin in buɗe shago. Na ce wa Gemu notin nan yana juyawa da kansa. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Wane gefe yake juyawa?"

"Yana ɗaurewa."

"Malam tela, shekarata talatin da ƙarfe. Noti yana kwancewa da kansa, wannan kullum ne. Amma wanda zai tashi ya ɗaure kansa, sau biyu, kuma daidai wuri ɗaya, ban taɓa haɗuwa da shi ba. In ka same shi ka kawo mini in ɗauke shi aiki."

Na ce to mene ne? Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa, har hannun ya fi tsumman tsabta.

"Ni mota nake gyarawa," ya ce. "Ka gaishe mini da Oga."

Ban ji daɗin maganarsa ba. Bakanike in abu ya fi ƙarfinsa sai ya koma yi maka wa'azi. Akwai bayani, kuma zan same shi. Wataƙila zaren notin ne ya cinye.

Asabar, 10:15 na safe

Zaren notin lafiya lau. Sai ma sheƙi da yake yi a gefuna, kamar abin da ake yawan taɓawa.

Saura sati ɗaya.

Lahadi, 4:00 na yamma

Dabara. In na gyara keken wata tela kuma ina zargin tana taɓa saitin bayan na tafi, jan farce nake ɗigawa a kan sukurun. In ya juya, ɗigon zai tsage. In girgiza ce, kaɗan-kaɗan zai matsa. In hannu ne, a tashi ɗaya zai yi nisa.

Na ari na matata. Ta ce, "Yau kuma wace ce za a yi wa kwalliya?" Na ce tsohuwa ce, ta girme ki, kuma ta fi ki shan mai. Ta jefo mini kwalbar.

Baba yana barcin rana, Inna ta ba ni makulli na biyu. Na sassauta wayar, na ja layi ja siriri daga noti zuwa ƙarfen da ke riƙe shi. Don in kore zancen hannu ne kawai. Mai bincike dole ya kore kowane zato, ko da wanda bai yarda da shi ba.

Ina rufe bonet Inna ta ce, "Jiya ina yanke masa farce na ciro ƙusar takalmi a diddigensa. Ta shiga rabi."

Na ce, "Bai ji ba?"

Ta ce, "Shayinka zai huce."

Litinin, 7:30 na safe

Layin ya rabu biyu. Juyi biyu da rabi. Akwai sabon sawun sifana a kan jan.

Litinin, 2:00 na rana

Na ɓata wa wata mata saitin zare sau biyu. Ta ce ko ba ni da lafiya ne. Lafiyata ƙalau.

Talata, 6:50 na safe

Ina da duk abin da Yaya ta nema. Ciwo a mota, na gani, na auna, Gemu ya gani. Ranar Asabar zan iya buɗe bonet in ce taɓa nan, in tayar, in nuna mata allura a maƙale, in sassauta, in nuna mata ta faɗo. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Makulli ya zauna a gida. Karo na farko a rayuwata da zan ga Yaya ta rasa ta cewa.

Na sake karanta littafin nan daga farko don in shirya bayanin. Na ga na rubuta inci tara.

Laraba, 8:00 na safe

Ban je gidan ba jiya. Aiki ya yi yawa.

Laraba, 1:10 na rana

Aiki bai yi yawa ba.

Ina da shekara goma sha tara Baba ya fara koya mini tuƙi a wannan motar. A mararraba ta mutu mini sau uku, na baya suna ta hon. Ya ce, "Sauko. Kai ƙafarka ta keken ɗinki ce." Ban sake zama a kujerar nan ba. Daga baya na koya a wani wuri, na yi lasisi, ina tuƙa motar da muke ɗauko kekuna da ita daga sito. Bai sani ba. Ban san dalilin da ya sa ban taɓa gaya masa ba.

Yanzu ni ne zan je in ce masa sauko? Ni?

Alhamis, 11:40 na safe

Zan rubuta wannan a tsanake, yadda ya faru.

Na isa gidan ƙarfe shida da kwata. Ƙofa a rufe, bonet a buɗe. Baba yana sunkuye a ciki, sifana lamba goma a hannunsa. Jiya da yamma na roƙi Inna ta bar ni na sake sassauta wayar, don haka na san abin da zan tarar.

Bai firgita ba. Bai ma ɗago ba.

"Jan farcen matarka ne?"

"Nata ne, Baba."

"Ka ce mata ya yi kyau."

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya gama juyin da yake yi, ya rufe bonet, ya ce in shiga. Na shiga gefe, ya shiga kujerarsa. Bai tayar ba. Ya cire takalmin dama, ya ɗora ƙafar a kan totur, muka zuba mata ido mu biyu kamar ta wani ce.

"Tun bara," ya ce. "Kamar na sa safa goma. Ina ganin ta taɓa, amma ba ta gaya mini. In wayar nan tana da sassauci, sai in taka, shiru, in ƙara takawa, shiru, sai ta fizga. In na ɗaure ta kuwa, ko numfashi ƙafar ta yi a kai injin zai amsa. Da kunne nake sanin inda take. In ya yi kuka, tana kan totur. In ya yi shiru, tana kan birki."

Sai na tuna rediyon.

Na ce, "Ranar Talatar da ka daki ginshiƙi fa?"

Inna tana can tana shara, ana jin tsintsiya.

"Na ɗaga, na koma birki. Na tabbata na koma. Amma injin bai yi shiru ba. Kunne ya ce mini har yanzu kana kan totur, ɗaga. Sai na ɗaga." Ya shafa sitiyarin. "Birkin na ɗaga."

Wannan ba ya cikin jerin da na rubuta.

"Kai ka ce mota ce," ya ce. "Da ƙarfinka ka faɗa, a gaban yayarka. Na ce bari in ga ko yaron nan zai gano wani abu dabam, in huta."

"Na gano, Baba. Mota ce. Kuma kai ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Gemu ya sani tun ranar farko. Munafuki, har da cire hula."

Na ce ranar Asabar ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, kuma ba zan faɗi rabi in bar rabi ba. Na ce Inna tana ɓuya a soro. Wannan ne ya sa ya juya ya dube ni.

"Ta ce rana ce."

"Ƙarfe shida na safe, Baba?"

Ya fita, ya sake buɗe bonet. Na bi shi. Ya sassauta notin da kansa, ya gwada wayar da yatsa, kaurin farce biyu daidai, ko aunawa bai yi ba. Ya ƙulle. Sannan ya miƙo mini sifanar.

"Riƙe. In tana aljihuna zan sake."

Na ce, "Ina da lasisi, Baba. Shekara goma sha ɗaya."

"Na sani. Na gan ka a motar sito. Kana hawa kuloci kamar kujerar gidanku."

Asabar, 5:00 na yamma

Yaya ta zo da ƙarfe goma, da jakarta da shirinta. Na ga ta riga ta tanadi faɗa, har da tsayuwar da take yi. Ta ce, "To, Injiniya, buɗe mana bonet mu sha kallo."

Kafin in motsa Baba ya ce, "Ba sai an buɗe ba. Yaron nan ya yi aikinsa. Motar tana da ciwo, ya gano. Ni na sa mata ciwon, shi ma ya gano. Ƙafar ba ta ji. Ranar Litinin za ki kai ni a duba ta, tunda kin fi kowa son asibiti."

Yaya ta buɗe baki ta rufe. Abin da na shekara arba'in ina jira ke nan, kuma da ya zo ban ji komai ba sai tausayinta. Ta zauna a bakin tabarma kusa da ƙafarsa, ta rasa inda za ta sa hannunta, sai ta gyara masa silifas.

Daga baya ta miƙa hannu. "To kawo makullin, Baba."

"Wa ya ce ke zan ba? Ke da kike juya sitiyari kamar kina tuƙa tuwo?" Ya ciro shi daga aljihu ya jefo mini. Na kusa kasa cafewa. "Direbana ne. Gwaji na wata ɗaya. In ya hau mini kuloci na kore shi."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ja, ta ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba.

Litinin, 1:30 na rana

Na kai su asibiti, Baba a gaba, Yaya da Inna a baya. An ɗebi jini, an ce mu dawo Alhamis. Likitar ta soka masa wani siririn abu a tafin ƙafa ta ce, "Ka ji?" Ya ce, "Ji me?" Wannan na wani littafin ne, ba wannan ba.

Na mota: mararrabar nan tana nan inda take. Danja ta tsayar da mu a kanta. Na ɗaga ƙafa daga totur, allura ta faɗo ɗari takwas, daƙiƙa ɗaya, ko ƙasa da haka. Da aka ba mu hannu na tashi, ba ta mutu ba.

Baba bai ce na yi kyau ba. Ya ce, "Giya ta biyu, ba ka ji tana roƙonka?" Na sa ta biyu.

Da muka iso gida Inna ta riga kowa sauka, ta buɗe ƙofa, ta tsaya a jikin ginshiƙin dama tana yi mini alama da hannu in matso, in matso. Na tsaya inda motar ta saba tsayawa.

Ban kashe injin nan take ba, ina so in ga silo sau ɗaya kafin in rufe littafin. Ɗari takwas, ba rawa. Baba ma bai sauka ba. Ya zauna yana saurare, kansa a karkace, har na ɗauka wani abu ya ji. Sai ya ɗaga gilashinsa, ya kai hannu ya kunna rediyo.